Zomona ya daina ci tun jiya, kashi ma babu, don Allah a taimaka

Maman Auduga: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah masu zomaye ku taimaka min, hankalina a tashe yake wallahi. Zomona Auduga, namiji ne, shekararsa uku, kilo biyu da ɗan ɗoriya, tun jiya wajen ƙarfe tara na dare na zuba masa abinci ko kallo bai ishe shi ba, na ce ko ƙoshi ne na ƙyale shi, to yau da safe na leƙa abincin na nan yadda na zuba, ganyen da kullum yake rawar jiki a kai ma shinshinawa kawai ya yi ya kau da kai. Ya shige lungu ya takure, ido a lumshe rabi, can sai ya miƙe ya manna cikinsa da ƙasa, ya tashi, ya sake kwanciya, kamar ya rasa inda zai sa kansa. Kuma ina jin yana gurza haƙora ƙaras ƙaras. Abin da ya fi ba ni tsoro kashi, guda biyar kacal na gani, ƙanana busassu kamar tsakuwa. Matarsa Toka lafiyarta lau sai ci take. Ina da farasitamol na yara na ruwa, in ɗan ɗiga masa?

Baban Zomaye: Wa alaikumus salam. 'Yata kar ki ɗiga masa komai tukuna. Tara na dare zuwa yanzu awa goma sha uku ke nan fa. Zomo in ya wuce awa 12 ba ci ba kashi an daina cewa bari mu gani zuwa anjima.

Yar Lele: Ayya Auduga, sannu. Anti ki matse abarba ki ba shi ruwan, gashi ne ya cunkushe masa a ciki, ruwan abarba yana narkar da shi, a wani guruf na gani mutane da yawa sun ce sun gwada

Sarkin Tsokana: Wai duk wannan tashin hankalin a kan zomo ne? Ni da na ga sanarwa na rututu na ɗauka yaro ne ba lafiya

Shugabar Guruf: Sarkin Tsokana ba yanzu ba don Allah. Na yi wa Dakta magana ta waya ta ce tana shigowa.

Likitar Dabbobi: Salam. Maman Auduga na karanta. Abu uku nake so ki yi min yanzu yanzu kafin mu yi dogon bayani. Na ɗaya, ki taɓa kunnuwansa, da ɗumi ko sun yi sanyi? Na biyu, yana tsaye a kan ƙafafunsa ki sa tafin hannu a hankali ƙarƙashin cikinsa, daidai bayan haƙarƙari, ki ji, da laushi kamar ƙullu ko ya ɗaure tamau kamar ganga? Kar ki matsa da ƙarfi. Na uku ki fara neman abin hawa, domin ko me amsar ta zama yau sai likita ya gan shi ido da ido. Farasitamol ɗin ki ajiye, abarba ma haka.

Maman Auduga: Dakta kunnuwan sun yi sanyi gaskiya. Cikin kuma ba kamar ganga ba, da ɗan laushi amma ya ɗan kumbura, da na taɓa sai ya zabura. Na kara kunnena ban ji ƙugin da na saba ji ba, shiru

Likitar Dabbobi: To. Laushin nan ya ɗan kwantar min da hankali amma hannu ba ya yanke hukunci, sai hoto. Sanyin kunnen ne ban so ba. Zafin jikin zomo mai lafiya tsakanin digiri 38.5 ne zuwa 40, in ya sauka ƙasa da 38 jikin ya fara sarewa ke nan. Ki zuba ruwan ɗumi a gora, ki naɗe ta da tawul, ki ajiye a gefensa cikin kwandon da za ki ɗauke shi, a gefe fa ba a ƙarƙashinsa ba, yadda in zafin ya ishe shi zai matsa. Ki tafi da Toka tare. Ki kwashi kashin nan biyar a leda ki nuna musu. In kin isa ki ce a auna zafin jiki, a auna sukarin jini, a ɗauki hoton ciki, a leƙa turamensa. Kuma kar ki baro wurin ba a ba shi maganin ciwo ba.

Maman Auduga: Na gode Dakta, ga mu nan mun fita

Yar Lele: Dakta ni ban gane ba, me ya sa za a tafi da Toka alhali ita lafiyarta ƙalau? Kuma abarbar fa me ye laifinta

Likitar Dabbobi: Ƙanwata zomayen da suka shaƙu in aka raba su duka biyun hankalinsu tashi yake, tashin hankali kuwa shi kansa yana tsayar wa zomo da hanji. Ga kuma wani abu, in ya dawo shi kaɗai da warin asibiti a jikinsa tana iya ƙin gane shi su hau faɗa. Abarba kuwa, sinadarin da ke cikinta ba ya narkar da gashi, abin da zai shiga cikinsa ruwa ne da sukari, sukarin kuma ƙwayoyin da ke haifar da iska yake ciyarwa. Waɗanda suka ce ta yi musu aiki ina kyautata zaton ruwan ne ya taimaka, da ruwa zalla suka bayar da ya fi.

Sannan maganar gashi, mutane sun juya ta ne. Kowane zomo akwai gashi a cikinsa domin kullum cikin lasar jiki yake kuma ba ya iya amai ko kaɗan. In hanji na tafiya daidai gashin bin kashi yake ya fita, shi ne wani lokacin za ki ga kashin a jere da zare kamar an shirya dutsen wuya. Sai hanjin ya tsaya ne abin da ke ciki yake bushewa ya dunƙule. Wato yawanci tsayawar ce ta riga, dunƙulewar ta biyo baya.

Baban Zomaye: Dakta ni a nawa sanin, da tun safe ta jiƙa abincinsa ta ɗura masa da sirinji da yanzu an wuce wurin. Na yi shekaru ina haka. Cikin zomo kamar injin niƙa ne, in ba a zuba ta sama ba komai ba ya fita ta ƙasa.

Ɗalibin Likitanci: Baba a gafarce ni, a nan ne kaɗai zan ɗan saɓa. Ciwo biyu ne suke kama da juna a ido. Akwai hanjin da ya yi sanyi ya rage tafiya, wannan a hankali yake zuwa, kwana ɗaya biyu kashi na ƙanƙancewa, shi ne ɗura take wa magani. Akwai kuma toshewa ta gaske, wani ɗan dunƙulen gashi ya sauko ya tokare farkon ƙaramin hanji, ruwa da iska su taru a tumbi ba hanyar gaba, amai kuma babu balle su dawo ta baya. Wannan farat ɗaya yake zuwa, zomon da ke tsalle da rana da daddare ya zube. In aka ɗura wa irin wannan abinci an ƙara wa tumbin da ya riga ya cika kaya ke nan, yana iya fashewa. Shi ya sa Dakta ta ce a auna sukari, wata likitar zomaye a Ingila, Frances Harcourt-Brown, ta fitar da bincike a 2012 da ya nuna masu toshewa sukarinsu na haurawa sama da 20 a ma'aunin milimol, masu sanyin hanji kuwa yawanci ƙasa da haka sosai. Ɗigon jini ɗaya daga kunne ya isa.

Baban Zomaye: Yaro ban ƙi taka ba. Amma ka sani ba kowa ne yake da likita kusa ba, wani sai ya yi tafiyar rabin yini. Shi sai ya zauna ya naɗe hannu yana kallo?

Likitar Dabbobi: Baba tambayarka a kan hanya take, kuma ku biyun kowa da gaskiyarsa. Wanda likita ya yi masa nisa, in cikin da laushi, zomon na ɗan motsi, yana haɗiya, kuma ana ganin ko ɗan kashi ne, to ya ɗumama shi, ya ba shi ruwa kaɗan kaɗan, ya ɗan shafa cikin a hankali, ya bar shi ya taka, ya fara ɗura mai ruwa ruwa, yana yi yana neman hanyar zuwa. In kuwa ciki ya ɗaure, jiki ya yi sanyi, zomo ya yi laƙwas, ba ɗura ba tausa, ɗumi kawai da hanya. Abin da ba na so a manta shi ne ɗura kaɗai ba ta isa, domin abin da ya hana shi ci tun farko ciwo ne. Ciwo ya hana ci, rashin ci ya tsayar da hanji, abin da ke ciki ya fara tsami ya tara iska, iskar ta ƙara ciwo, haka abin zai yi ta zagayawa. Kana iya ɗura masa duniya, in ba ka kashe ciwon ba da kansa ba zai kai baki ba.

Maman Biyu: Ni dai roƙona ɗaya, duk wanda ke karanta wannan kar ya ba zomo amoksisilin. Bara tawa ta yi irin wannan, na je wani shagon magani aka ba ni na ruwa na yara aka ce zai wanke mata ciki, kwana biyu ina ba ta, a na uku zawo ya ɓarke kamar an buɗe famfo, kafin gari ya waye ta tafi. Har yau in na tuna da hannuna na ba ta sai in ji wani iri

Shugabar Guruf: Allah sarki Maman Biyu, ba ki sani ba ne, Allah ya mayar da alheri

Likitar Dabbobi: Sannu 'yar uwa, kin kyauta da kika faɗa. Zomo akwai wata babbar jaka a hanjinsa cike da ƙwayoyin halitta masu amfani, su ke sarrafa masa ciyawa. Amoksisilin, ampisilin, penisilin na sha, kilindamaisin, linkomaisin, eritiromaisin, duk waɗannan in suka bi ta baki sai su kashe masu amfanin su bar wata muguwa mai suna Clostridium ta yi yawa ta saki guba. Kuma sanyin hanji yawanci ba ya ma buƙatar irin waɗannan magungunan sam. Tunda an zo wurin, a ƙara da maganin ƙuma na Frontline da ake ɗiga wa karnuka, shi ma kashe zomo yake.

Sarkin Tsokana: To ni yanzu tambaya ta gaskiya nake, ba tsokana ba. Ta ina ake gane zomo na jin ciwo? Shi da ba kuka yake ba, fuskarsa kullum ɗaya

Ɗalibin Likitanci: Yayana ai ɓoyewa yake da gangan, dabbar da kowa ke farauta in ta nuna rauni ita za a fara ɗauka. Amma fuskar ba ɗaya ba ce in ka iya kallo. A 2012 masu bincike a jami'ar Newcastle ta Ingila sun fitar da ma'aunin gane ciwo daga fuskar zomo, abu biyar ake dubawa, ido ya tsuke, kumatu su shafe, hanci ya koma tsini maimakon zagaye, gashin baki ya sanƙare ya bar yadda yake kwance, kunnuwa su naɗe su kwanta baya. Sai ka haɗa da takurewa da gurzar haƙora. Ita ma gurzar iri biyu ce, akwai 'yar siririya da yake yi in kana shafa masa kai, wannan daɗi ne, mai ƙarfin da ake ji daga nesa ita ce ta ciwo.

Maman Auduga: Jama'a mun dawo, ku yi haƙuri da shiru. Zafin jikinsa 37.6 aka samu, sukari 9 da ɗigo, hoto ya nuna iska a hanji amma ba toshewa alhamdulillah. Sun ɗumama shi, sun yi masa ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata, sun yi masa allurar ciwo wai bufrenofin, da wata ta motsa hanji metokulofuramaid. Sun ba ni wani maganin ciwon na sha, meloksikam na ruwa, amma likitan ya ce kar in fara sai gobe da safe in ya ga ruwa ya zauna a jikinsa. Abin da ya ba ni mamaki da ya leƙa bakinsa da wani abu mai fitila ya ce turamensa na ƙasa sun yi tsini suna yankar harshe, wai daga nan komai ya faro, ni kuma kullum haƙoran gaba nake dubawa in ga lafiya lau. Dakta ni abin da ban gane ba me ya sa za a jinkirta meloksikam ɗin alhali ke kin ce ciwo ne kan gaba

Likitar Dabbobi: Alhamdulillah. Likitanki ya san aikinsa. Bai bar shi da ciwo ba ai, allurar da aka yi masa ita ke riƙe da shi yanzu. Meloksikam dangin su ibufurofen ne, irinsu suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, zomon da jikinsa ya bushe kuma ya yi sanyi dama ƙodarsa a takure take, in aka ɗora mata wannan sai a gyara ciki a ɓata ƙoda. Shi ya sa ruwa ke riga shi. Kuma shi ya sa nake hana mutane ɗauko ragowar kwalbar da ke gida su bayar da ka.

Mai Karnuka: Dakta ni ina da Metacam na karena, ashe shi ne meloksikam ɗin. Na ɗauka in zomon yarana ya yi irin haka sai in duba kilonsa a jikin sirinjin in ba shi

Likitar Dabbobi: Malam a nan mutane da yawa ke faɗawa. Lambobin da ke jikin sirinjin nan kilon kare ne, an lissafa su a kan miligiram 0.1 duk kilo. Zomo jikinsa na fitar da maganin da sauri, abin da yake buƙata duk kilo ya ninka na kare sau da yawa, don haka in ka bi sirinjin kare kusan ba ka ba shi komai ba. Ga shi kuma ƙarfin kwalaben ya bambanta, na kare miligiram 1.5 ne a kowane mil, na kyanwa 0.5. Likita zai auna zomon ya rubuta maka mil nawa, da sirinji mai mil ɗaya za ka auna.

Ɗalibin Likitanci: Dakta ni kuma bufrenofin ɗin ne ya tsaya min. An koya mana dangin ofiyom suna rage tafiyar hanji. Ba kamar ana gini ana rushewa ba ke nan, a ba da mai motsa hanji a kuma ba da mai tsayar da shi?

Likitar Dabbobi: Abin da aka koya muku gaskiya ne, yana ragewa, kuma a zomo mai lafiya in ka yi masa za ka ga ci da kashi sun ɗan ja baya. Likitoci ma suna wannan gardamar a tsakaninsu. Amma wanda ke gabanmu ba mai lafiya ba ne, ciwon da ke jikinsa ya fi maganin tsayar da hanji nesa ba kusa ba, kuma a lokacin da ba a iya ba da meloksikam me za ka ba shi? Ni sau da yawa na ga zomo bayan allurar da awa ɗaya ya saki jiki ya fara jan ciyawa. Abin da nake yi shi ne ba na daɗewa a kai, da zarar ruwa ya zauna sai in koma meloksikam. Shi kuwa mai motsa hanjin, in ka tambaye ni, shi ne mafi ƙarancin amfani a cikin duka, kuma haramun ne a ba da shi kafin a tabbatar ba toshewa. Ruwa, maganin ciwo, abinci, ɗumi, su ne masu aikin.

Yar Lele: Maganin kumburin jarirai fa, simetikon, shi ma na ga ana cewa

Likitar Dabbobi: Shi ba ya shiga jini, ba ya cutarwa, masu zomaye da yawa suna rantsuwa da shi, ni dai ban ga ya yi abin a zo a gani ba. Illarsa ɗaya, mutum ya ba da shi ya zauna jira har awa goma ta wuce.

Maman Auduga: Wayyo jama'a ɗurar nan yaƙi ce. An ba ni garin abincin ɗura mai suna Critical Care, na dama shi, rabi a rigata rabi a bango, ya cije baki ya ƙi, da na kwantar da shi rigingine kamar jariri sai ya yi shiru amma ina tsoro

Baban Zomaye: A'a 'yata tashe shi maza! Shirun nan ba natsuwa ba ce, tsoro ne ya sandarar da shi, kuma a haka abinci na iya bin hanyar numfashi. Nan kam fagena ne, saurara. Zauna a ƙasa, ba kan tebur ba, in ya zille kar ya faɗo ya karya baya. Naɗe shi da tawul tsaf ki bar kai kawai a waje, ƙafafunsa huɗu a ƙasa, bayansa a jingine da cikinki. Kar ki tunkari haƙoran gaba, bayansu ta gefe akwai fili ba haƙori, nan za ki zura bakin sirinjin ki karkata shi wajen kumatu. Rabin mil zuwa mil ɗaya, ki tsaya, sai kin ga ya tauna ya haɗiye ki ƙara. In abin na zubowa bai haɗiya ki dakata. Sirinjin mil ɗaya ya fi daɗin aiki, ki yanke tsininsa ramin ya faɗaɗa, ki cika guda biyar shida ki jera a gefe. Damun da ruwan ɗumi, kar ya yi kauri.

Likitar Dabbobi: Ba ni da abin ƙarawa a kan na Baba sai yawan da za a ɗura. Mai kilo biyu ki nemi mil 20 zuwa 30 a zama ɗaya, duk bayan awa huɗu zuwa shida, in ya ƙi karɓar haka ki rage ki yawaita zaman. Dare ma a ciki. Dalilin nacin shi ne zomo in ya kwana biyu ba ci kitse yake taruwa masa a hanta, mai ƙiba ya fi shiga haɗari, in aka kai nan dawowa da wuya. Ingirici da ganye a jiƙe su zauna a gabansa kullum, ruwa a kwano ba a kwalbar tsotsa ba, sun fi sha a kwano.

Maman Auduga: Baba Allah ya saka, mil 18 ya shiga! Amma yanzu fushi yake da ni, ya juya min baya yana buga ƙafa, likitan da ya soka masa allura bai yi wa haka ba

Sarkin Tsokana: Ai dama zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa

Shugabar Guruf: Yau dai ka faɗi ta hankali

Maman Auduga: Ƙarfe huɗu da rabi na asuba. KASHI!! Guda goma sha ɗaya, ƙanana baƙaƙe wasu a karkace, ɗaya da wani abu kamar majina a jiki. Wallahi ban taɓa zaton zan yi murna da kashi haka ba har hoto na ɗauka. Barcin zomo na yi yau ni ma

Likitar Dabbobi: Madalla. Na farko haka suke fitowa, munana, majinar ma ana gani bayan hanji ya daɗe a tsaye. Ki ci gaba da ƙirgawa, lafiyayye yana yin 200 zuwa 300 a yini, kin ga da sauran tafiya. Kar ki ga kashi ki daina ɗura ko ki daina maganin ciwo, nan ne mutane ke sakin jiki abin ya dawo. Ki raba su da Toka da waya ko raga na 'yan awanni, suna ganin juna, don ki san kashin wa kike ƙirgawa. Yanzu faɗa min tsakani da Allah, me yake ci kullum?

Maman Auduga: Hmm Dakta. Abincin buhu mai haɗe-haɗen hatsi kala kala, cike da kwano safe da yamma, karas kullum, yara kuma suna ba shi biskit da burodi in ba na nan. Ingirici ina sawa amma shimfiɗa ya mayar da shi

Likitar Dabbobi: To ga turamen nan sun bayyana. Haƙoran zomo 28 ne kuma dukkansu girma suke har ya mutu, na gaba kusan milimita 2 zuwa 3 duk mako. Abin da ke goge su shi ne niƙa ciyawa gefe da gefe na awanni. Hatsi da biskit murƙushewa kawai yake ya haɗiye, ya ƙoshi da wuri, ya bar ciyawar. Kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari na cinsa ya kamata ya zama ciyawa da ingirici, tuli kamar girman jikinsa kullum, sai ganye cikin hannu, sai abincin buhu mai ƙwaya iri ɗaya kamar cokali ɗaya duk kilo. Karas ɗan yanki ne na marmari. Amma ba yau za ki juye komai ba, a hankali cikin mako biyu zuwa huɗu bayan ya warware, biskit da burodi ne kawai za a tsayar yau ɗin nan.

Baban Zomaye: Dakta nan kuma ban yarda duka ba. Shekara da shekaru nawa suna kan hatsi da dusa, ban taɓa kai zomo an goge masa haƙori ba

Likitar Dabbobi: Baba naka wata nawa suke yi a hannunka kafin su bar gidan?

Baban Zomaye: Wata huɗu, biyar. Iyayen dai sukan kai shekara biyu uku

Likitar Dabbobi: Shi ne. Naka ba sa zama har haƙoran su nuna halinsu. Nata ana fatan ya kai shekara takwas zuwa goma sha biyu, kuma a shekara ukun nan ne abin ya fara fitowa.

Baban Zomaye: Uhm. Akwai wata uwa da na taɓa yi da ta riƙa zubar da yawu haɓarta kullum a jiƙe tana ramewa, na ɗauka tsufa ne. Bari in yi shiru

Yar Lele: Ni kuma tawa da safe nakan ga wani kashi mai laushi a cure kamar 'ya'yan inabi ƙanana mai wari, zawo ne shi ma?

Ɗalibin Likitanci: Ba zawo ba ne, wannan na ci ne, daga jakar hanjin nan yake fitowa kuma kai tsaye take lanƙwasawa ta cinye shi, akwai bitamin da furotin a ciki. In kina yawan ganinsa a ƙasa to ko abincin buhu ya yi mata yawa ko ƙiba ta hana ta kai baki. Zawo na gaske ruwa ne tsululu ba busasshen kashi ko ɗaya, shi kam musamman a 'yan ƙanana ba a kwana da shi.

Maman Auduga: Kwana na huɗu. Jiya na ƙirga 140 na gaji na bari, sun fara girma suna yin zagaye. Yana cin ganye da kansa, ingirici kuma yana ɗauka ya tauna sau biyu ya yar, likitan ya ce harshen ne, jibi za a sa shi barci a goge turamen. Meloksikam kuwa har lasar sirinjin yake. Dakta in hana shi abinci tun dare kamar yadda ake wa mutum kafin aiki?

Likitar Dabbobi: A'a kar ki kuskura. Mutum da kare ana hana su ne don gudun amai, shi kuwa ba ya yi, yunwar ce ma za ta mayar da ke inda kika fito. Ya ci har lokacin tafiya, ki ɗauki ganyensa da ingiricinsa da garin ɗurar ki tafi da su don ya samu da zarar ya farka, ki tambaye su ko za a ci gaba da maganin ciwon bayan aikin da kwana nawa. Kuma ki sa a ranki turamen da suka taɓa yin tsini suna iya sakewa, a riƙa leƙawa lokaci lokaci.

Maman Auduga: To Dakta na rubuta. Toka ma zan sa a leƙa nata tunda kwano ɗaya suke ci. Biskit ɗin na kulle a kabad, ƙaramin ɗana ya fi Auduga fushi

Sarkin Tsokana: Anti in an gama a turo hoton kashin jibi, mun saba yanzu